Inda Yaya Sule Yake Kwance

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a gindin rimi ranar kasuwar Gwarzo, sai wani ya matso ya ce, "Alhaji Garba, wai da gaske ka shiga teku har ƙasa?" In na je suna ko ɗaurin aure a Kabo, haka. Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa nasa gishirin, har na ji ana cewa wai na yi kokawa da kifi mai girman motar gyaɗa. Ƙarya ake yi mini. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga tushe.

Ni mutumin Kutama ne. Muna noma, muna kiwo, amma abin da aka san ni da shi yasar rijiya. In guga ya faɗa ƙugiya ta kasa kamo shi, ko akuya ta zurma, ko laka ta toshe ido, ni ake aika wa. In ɗaura igiya a ƙugu, a zura ni, in nutse in laluba. Kawuna ne ya koya mini, kuma abin da ya fara gaya mini shi ne, "Ruwan rijiya da ka taɓa shi ya gama gurɓacewa. Rufe idonka, hannunka ne zai gani." Shekara goma sha biyar ina yin haka, ban taɓa buɗe ido a cikin ruwa ba.

Yayana Sule shi ne babba a ɗakinmu. Wata shekara gyaɗa ta yi albarka, ya sayar da tasa, ya ce zai sauke farali. A lokacin ta ƙasa ake bi, ta Barno da Cadi da Sudan, a hau jirgin ruwa a ƙetare zuwa Jidda. Ya tafi, muka ji shiru. Bayan damina biyu wani mutumin Kabo, Malam Bawa, ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce tare suka shiga wani jirgin katako mai filafilai daga gaɓar Sawakin, jirgin ya daki duwatsun cikin teku ya kife. Masu kwalekwale suka tsamo waɗanda suka tsamo, Sule ba ya ciki.

Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, ka ga gawarsa?"

Ya ce, "Ban gani ba, Inna."

"Ka ga inda yake kwance?"

"Ruwa ne, Inna, ba a gani."

Ta ce, "To, sannu da hanya. A kawo masa fura."

Shi ke nan. Ba ta yarda an shimfiɗa tabarma ba, ba ta karɓi gaisuwar kowa ba. Liman ya zo ya yi nasiha, ta ce ta ji, amma ba za ta zauna makokin ɗan da ba wanda ya ga makwancinsa ba. Kowace shekara sai ta sa an yi wa ɗakinsa sabuwar baibaya. Shanunsa uku ta hana a taɓa. In ta ji ƙugin mota daga hanyar Gwarzo sai ta ajiye abin da take yi ta fito bakin zaure. Ga tsufa, ga rashin ci, tana ta ƙarewa muna kallo, kuma tsoron da nake ji shi ne ta mutu a bakin zauren nan tana jira.

Wata rana bayan an cire gyaɗa ta kira ni. Ta ce, "Garba, kai ne mai shiga ruwa."

Na ce, "Inna, rijiya nake shiga."

Ta ce, "Ruwa ai ruwa ne. Je ka gano mini."

Wa zai yi musu da Inna? Na sayar da gyaɗata da ɗan bijimi, na naɗe igiyata da ƙugiya a cikin buhu, na fara biyawa ta Kabo wajen Malam Bawa. Ya ce in na isa Sawakin in nemi masauki wajen wata Hajiya Ladi mai ƙosai, in kuma tambayi wani tsoho mai suna Hamadu, shi ne ya tsamo shi da hannunsa. Na ce ko zai raka ni? Ya kama kunnensa ya ce shi yanzu ko rafin bayan gari in ya kawo ruwa zagayawa yake yi.

A Kabo na haɗu da abokin tafiya, Tanko, wani mahauci na Sabon Birni da shi ma ya yi niyyar hajji. Tanko bakinsa ba ya rufuwa. Muka hau motar gyaɗa, can bisa kan buhuna, muna riƙe da igiyar kaya har Kano. Da muka hango dalar gyaɗa a gefen tashar jirgi, buhu kan buhu har sama, Tanko ya nuna wani can kusa da ƙololuwa ya rantse nasa ne, wai ya gane ɗinkinsa. Mun yi kwana tara a Kano muna bin layi, yau hoto, gobe allura, jibi fasfo, kafin muka sami mota zuwa Yerwa.

Abin da ya same ni a kan iyaka ba zan manta ba. Mun ƙetare kogi a kwalekwale zuwa Fallomi ta Cadi, wadda ke hannun Faransa a lokacin, aka ce kowa ya kwance kayansa. Ma'aikacin da ke bincike ya zura hannu a buhuna ya zaro ƙugiya. Kun dai san ƙugiyar rijiya, ƙarfe mai baki shida, kowanne da kaifi. Ya ɗaga ta sama yana ta magana da Faransanci, aka ware ni gefe kamar ɓarawon shanu. Tanko maimakon ya taimaka sai ya ce wa tafinta, "Ni dai a mota na gan shi." Daga hantsi har azahar ina zaune a rana. Can tafintan, wani Babarbare mai kirki, ya ce, "In dai da gaske ta rijiya ce, ga rijiya a bayan ofis ta cinye mana guga uku." Na tuɓe riga. Na fito musu da guga huɗu, da buta, da hular wani soja. Nan take aka buga mini hatimi, aka kuma ba ni burodi dogo kamar rake, mai taurin tsiya. Tanko ya dawo yana washe baki yana cewa ai tun muna yara muke tare. Rabin burodin shi ya cinye.

Daga nan hanya ta zama yashi. Mota ta kafe, a sauka a shimfiɗa mata faranta na ƙarfe a tura, ta yi gaba kaɗan ta sake kafewa. Haka har Abashe, har muka shiga Sudan ta Jinaina. Ƙugiyar nan ita ta ciyar da mu, don ba garin da za ka sauka ka rasa matar da guganta ya faɗa.

Mutanen Sudan sun ba ni mamaki. Mu a nan in ka ga babba sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Su sai ya dafa kafaɗarka, ka dafa tasa, ku yi musabaha, ku saki, ku sake kamawa, kamar sau biyar. Da farko na ɗauka raini ne. Amma wajen abinci sun fi mu sakin hannu. In suna ci a bakin hanya ka zo wucewa, ba tayin baki ba ne, tasowa za su yi su kamo hannunka. Suna da wani abu wai shi kisira, falle-falle mai tsami, Tanko ya ce shi bai bar Sabon Birni don ya zo ya ci takarda ba, amma kafin mu kai Al-Ubayyid shi ke neman ƙari. Shayi kuwa sukari ne da ɗan ruwa. A Al-Ubayyid muka hau jirgin ƙasa, muka ratsa Hartum, muka gangara har Bur Sudan. A nan muka rabu da Tanko, shi ya bi layin babban jirgin alhazai. Ya rungume ni yana share ido, ya ce, "In kifi ya cinye ka, igiyar nan tawa ce."

Sawakin tsohon gari ne, rabinsa kango, gidaje masu bene sun zube ba mai gyarawa. Hausawa suna da unguwarsu a bayan gari, ɗakunan kara da buhu. Ban sha wuyar samun Hajiya Ladi ba, ƙamshin ƙosai ne ya kai ni. A hanya aka haife ta, iyayenta mutanen Kabo ne da suka taho hajji guzuri ya ƙare suka zauna. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakanninmu ce, tsaf. Ta tambaye ni ko har yanzu tsamiyar da ke bakin kasuwar Kabo tana nan, wadda mahaifiyarta ke ba ta labari. Na ce tana nan, a gindinta ma na jira mota. Na kwance ƙullin daddawar da matata ta saka mini na ba ta. Ta shinshina, ta juya baya ta daɗe tana gyara itacen murhu. Ta ba ni rumfa a bayan gidanta, har na bar garin ba ta bari na sayi abinci ba.

Ita ce ta kai ni wajen Hamadu. Dogon tsoho ne siriri, idanunsa jajaye, kunnensa ɗaya ya mutu. Sana'arsa nutso. Shi da mutanensa suna tsamo wata irin katantanwar teku da Turawa ke saye su yanka maɓallan riga. Yana jin Hausa kaɗan, sauran Hajiya ke fassarawa. Ya tuna jirgin sarai, ya ce yana nan inda ya nutse, tafiyar rabin yini a kwalekwale, zurfin gaba takwas.

Na buga ƙirji na ce, "Baba, gaba takwas ai wasa ne. Ni ina shiga rijiya mai gaba ashirin."

Ya ce, "A cikin ashirin ɗin, nawa ne ruwa?"

Na ce, "Biyu."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce in bari shi ya sauka ya duba ya gaya mini. Na ce masa Inna ta riga ta ji labari daga bakin wani, ba labari ta aiko ni nema ba. Ya daina dariya, ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce in zo gobe da safe, zan yi musu aiki, su ciyar da ni, su koya mini.

Ranar farko aka gano ko iyo ban iya ba. Ina zan koya? A rijiya igiya ce ke riƙe ka. Suka kai ni inda ruwa ya tsaya a ƙirji, ƙattin maza suna kallo ina facal-facal kamar ɗan tsako a randa. Na sha ruwan gishiri har cikina ya murɗa. Sai da na yi sati uku kafin Hamadu ya yarda in shiga kwalekwale.

Yadda suke nutso, akwai dutse ɗaure a igiya, ka saƙala ƙafarka a jikinsa ya ja ka ƙasa. A ƙugunka akwai wata igiyar, in numfashi ya ƙare ka girgiza ta a jawo ka. Wannan kam na ce gida na zo. A hanci ana maƙala wani ɗan ƙaho tsagagge. Sai kuma tabarau na katako da aka sassaƙa aka dasa wa gilashi, a ɗaure shi tam a ƙeya. Abin da ya fara ba ni wuya kunne ne. Da na wuce gaba uku sai in ji kamar ana soka mini basilla, ranar farko har jini ya fito mini ta hanci. Hamadu ya nuna mini yadda zan riƙa haɗiyar yawu ina hura hancin da ke toshe tun kafin zafin ya zo, da yamma kuma ya ɗiga mini man riɗi mai ɗumi.

Kunne ya saba, numfashi ya ƙaru, amma abin kunya, ba na fito da komai. Kowa ya nutse ya fito da katantanwa uku, huɗu, ni in fito da duwatsu. Hannuwana duk sun tsattsage. Wata rana na damƙi wani baƙin abu mai ƙaya kamar bushiya, ƙayoyin suka kakkarye a tafin hannuna, Hajiya Ladi ta yini tana jiƙa mini shi a ruwan zafi da lemon tsami tana faɗa. Mutanen kwalekwale suka sa mini suna mai tsince duwatsu. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni a Kutama ba a taɓa zura ni na fito hannu banza ba.

A kwana na goma sha biyu Hamadu ya ce tare za mu sauka. Muka sauka, na yi lalubena yadda na saba, muka fito. Ina kama gefen kwalekwale ya fizge tabarau daga fuskata, ya duba gilashin, ya dube ni. Ya kira ni da sunan da suke kiran mutanenmu a can, ya ce da Hausarsa mai gutsuri-gutsuri, "Kai, Takaruri, ido naka rufe?"

Na ce, "To da fa? A ruwa ai rufe ido ake yi."

Ya fassara wa sauran. Wallahi sai da kwalekwalen ya kusa kifewa don dariya. Wani ya kwanta yana dukan katako. Kwana goma sha biyu ina ɗaura gilashi a ido, ina runtse idon a bayansa. Ni ban taɓa tambayar amfanin tabarau ɗin ba, na ɗauka don kada gishiri ya shiga ne.

Hamadu bai bari na huta ba. Ya mayar mini da shi, ya sa yatsu biyu ya bubbuɗe nasa idon yana nuna mini, ya tura ni. Sai da dutse ya dire ƙasa sannan na iya tilasta wa kaina. Na buɗe.

Jama'a, ashe akwai gari a ƙarƙashin ruwa. Haske har ƙasa, tas kamar tsakar gida da hantsi. Murjanin nan da matanmu ke sawa a wuya ashe tsirowa yake yi, ga danginsa nan reshe-reshe, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar ƙwarya a kife. Kifaye launi-launi kamar an shanya atamfa suna wucewa ta gaban hancina, ba ruwansu da ni. Ga katantanwar da nake nema nan birjik, wata ma a gefen ƙafata. Na tsaya kallo na manta numfashi aro ne, sai da aka fizgo ni. Na fito ba ko ɗaya a hannuna, amma ranar ba wanda ya yi mini dariya.

Na yi wata biyar tare da su, kuma in ban da abin da ya kai ni, zan ce ban taɓa jin daɗin zama irin wannan ba. Da asuba mu yi salla a bakin ruwa mu ɗaga filafili. Da rana mu gasa kifi a kan garwashi a cikin rabin garwa, mu ci da gurasa. Ni da ban san kifi ba sai busasshe na miya, na koma ina zaɓe. Hamadu ya dafa gahawa da citta a ɗan tulunsa, ya ba kowa a ƙoƙon da bai fi kan yatsa ba. Ya kai ni wani jirgin ƙarfe na Turawa da ya nutse kusa da gaɓa, don in saba da shiga kango. Na leƙa ta taga na ga gadon ƙarfe da murjani ya tsiro a kansa, da wani ƙaton kifi ya mai da ɗakin nasa. Ya koya mini kada in zura hannu a rami, kada in juya wa babban kifi baya, kada kuma in sauka raina a ɓace. Duk lokacin da na ce, "Baba, yaushe za mu je?" sai ya ce, "Gaba shida kake. Saura."

Wata safiya ya ce yau ne. Mu huɗu muka tafi. Iska ta yi mana kirki, kafin rana ta take tsaka mun isa wani wuri da ruwa ke fari-fari yana karyewa a kan duwatsu. Hamadu ya kifa wata garwa mai gindin gilashi a kan ruwa yana leƙawa, yana ba da hannu a matsa nan, a matsa can. Can ya ɗago ya ce, "Nan."

Na saƙala ƙafa a dutse, na yi bisimilla, na tafi. Zan faɗi gaskiya. Da na wuce gaba biyar na hango wani baƙin abu a ƙasa, sai idona ya rufe da kansa. Tsoro ne ya kama ni, ba na ruwa ba. Ina tsoron in ga Yaya Sule, ina kuma tsoron kada in gan shi. Na dira, na laluba, hannuna ya taɓa katako, na girgiza igiya.

Hamadu ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Na taɓa katako."

Ya ce, "To mu koma. Ka je ka gaya wa tsohuwa abin da hannunka ya taɓa."

Maganar nan ta fi mari zafi. Na zauna har numfashina ya daidaita, na gyara tabarau, na sake sauka, ido buɗe tun daga sama.

Jirgin yana kwance a kan gefensa a gindin duwatsun, bisa farin yashi. Katakon jikinsa ya fara cinyewa, haƙarƙarinsa a waje, ƙananan murjani sun fara kama shi. Kaya na nan warwatse, butoci, tukunyar ƙarfe, kwanonin sha masu fure irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Kurmi. Ba ƙashi, ba tufa, teku ta gama da wannan tuntuni. Na ɗauki wani kwano na jujjuya, ko na Yaya ne, ko na wani bawan Allah daga Katsina ko Zazzau, ba mai iya sani. Na mayar da shi inda yake. Wurin shiru, ga haske, ƙananan kifaye suna shiga suna fita. Sau bakwai na sauka ranar, na zagaya shi gaba da baya, har Hamadu ya riƙe igiya ya ce ya isa. A cikin kwalekwale muka yi azahar a zaune, a bisa kansu. Muka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu. A nan ne na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Malam Bawa ya yi sallama a gidanmu, mutanen nan uku suka juya suna kallon ruwa har na gama.

Da lokacin hajji ya zagayo na ƙetare a babban jirgi, na sauke farali, na yi wa Yaya ɗawafi. Wannan labarin daban ne, kuma alhazai da yawa sun fi ni iya ba da shi. A dawowa na biya Sawakin na yi sallama. Hajiya Ladi ta ce in gaishe mata da tsamiya. Hamadu ya raka ni har tashar mota, ya dafa kafaɗata na dafa tasa, muka yi musabaha muka saki muka sake kamawa, ban ƙirga ko sau nawa ba. Ban sake jin labarinsu ba. Har yau in iska ta kaɗa da hantsi sai in ji kamar za a ce a ɗaga filafili, kuma ban ƙara cin kifin da ya yi mini daɗi ba.

Na sauka a Gwarzo ranar kasuwa, na ƙarasa Kutama a ƙafa bayan la'asar. Kusan shekara biyu ke nan da fitata. Inna tana bakin zaure. Ta ƙara ƙanƙancewa, har na tsorata. Ba ta yi guɗa ba, ba ta bari mata sun yi ba. Ta sa aka ba ni ruwa, ta jira na sha, ta ce in biyo ta ɗaki.

Na durƙusa. Ta ce, "Ka je?"

"Na je, Inna."

"Da idonka ka gani, ko gaya maka aka yi?"

"Da idona. Sau shida ido buɗe."

"Ka gan shi?"

Na ce, "Shi kam ban gan shi ba, Inna. Ba wanda ya rage a cikinsu. Amma na ga inda suke kwance, na taɓa wurin da hannuna."

Ta murza carbi. Ta ce, "Wurin da ƙazanta?"

"Farin yashi ne, tas. Ko masallaci bai fi shi shara ba."

"Da duhu?"

"Rana tana kaiwa har ƙasa."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, a hankali, "Ina yake kallo?"

Ban taɓa tsammanin wannan tambayar ba, kuma na san in na yi ƙarya za ta gane. Na tsaya na mayar da kaina cikin kwalekwalen, na tuna inda duwatsun suke, da inda Hamadu ya juya mu da za mu yi azahar. Na ce, "Inna, jirgin a kan gefensa na dama yake kwance. Inda cikinsa ke kallo, nan muka kalla muka yi salla."

Ta ajiye carbin. Sannan ta ɗaga murya ta kira matata ta ce a fito da tabarmi a shimfiɗa a tsakar gida da ƙofar gida. Ta dube ni ta ce, "Tashi ka je ka gaya wa liman da mutanen gari Sule ya rasu. Su zo su yi mini gaisuwa."

Na miƙe har na kai bakin ƙofa, sai na tuna ni ma ban taɓa yi mata ba. Na dawo na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri da godiya, Garba. Allah ya jiƙansa."